Warƙar da Pebo Ya Yanke

Kowace shekara in azumi ya gabato, jirgi kan kawo wasiƙa daga Iskandariya, a karanta ta a majami'ar ƙauyen Tanhor, mutane su ji ranar fara azumi da ranar idi, kowa ya kama gabansa. Ta bana kuwa ba ita kaɗai ta zo ba. Tare da ita babban limamin lardi ya aiko wani magidanci ɗan birni mai suna Filoksen, wanda ya sauko daga jirgi yana tangaɗi, don tun daga hanya cikinsa bai bar shi ya huta ba. Kuma wasiƙar ba ta tsaya ga ranakun azumi ba. Ta jero littattafan da aka yarda a karanta a gaban jama'a, ɗaya bayan ɗaya, na sabon alkawari guda ashirin da bakwai, ta ce kada a ƙara, kada a rage.

Apa Anub, limamin ƙauyen, shi ya karanta. Yana kiran sunayen yana lanƙwasa yatsu, da ya kai ƙarshe sai ya juya takardar ya duba bayanta, ko akwai saura. Babu. Sai wata tsohuwa daga baya ta kasa haƙuri ta ce, "To ina Wasiƙar Kurkuku? Ko tsallake ta ka yi, Apa?"

Bai tsallake ba. Ba ta ciki.

A gindin ginshiƙi Koluta baduku yake zaune, inda ya saba zama tun gashinsa na baƙi. Shekararsa saba'in da biyu, ko harafi ɗaya bai iya karantawa ba, amma duk littafin da ke majami'ar nan ya san shi da nauyinsa da ƙanshin fatarsa, don shi ke ɗinke su, shi ke shafa musu mai. Mafi soyuwa a gare shi shi ne babban nan mai jan bango, aikin ubansa Pebo na ƙarshe. A ciki akwai wasiƙun manzanni, a bayansu kuma Wasiƙar Kurkuku. Ba ta da suna a ka, ba ta da suna a ƙasa. Tunda tare take da na manzanni, kowa ya taso ya ji ana cewa manzo ne ya rubuta ta yana tsare, kuma ba wanda ya taɓa tambayar wane manzo.

Ita ake karantawa a jana'iza. Ita ake karantawa shekarar da kogi ya ƙi tasowa. Koluta ya haddace ta tsaf, musamman wurin da ta ce, "Wanda tsoro ya sa ya ƙona turare a gaban gunki, in ya dawo yana kuka, ku matsa masa wuri a tabarma. Ba ku san nauyin sandar da ta sauka a bayansa ba." Da wurin da ta ce, "Nan inda muke gurasa ɗaya mu tara ne, kuma har yau ba wanda yunwa ta kashe." Duk sanda ya ji wannan sai zuciyarsa ta yi sanyi, don shi kurkuku ba labari ba ne a wurinsa. Yana ɗan shekara takwas sojoji suka zo, zamanin da sarkin Rum ya ce a tattara littattafan Kirista a ƙona, kowa kuma ya yi wa gumaka hadaya. Uwarsa Tabes ta ƙi. Aka ɗaure ta aka sa a jirgi. Yana bakin gaɓa yana ta ƙwala mata kira har muryarsa ta dishe, ita kuwa ko waiwaye ba ta yi ba. Ba ta dawo ba, ba ta aiko ba. Kafin shekara biyu ubansa ya rasu, kawunsa ya ƙarasa koya masa dukanci. Koluta ya yi 'ya'ya ya yi jikoki, amma rashin waiwayen nan bai taɓa barin ransa ba.

Washegari da hantsi aka fito da littafin farfajiyar majami'a, aka shimfiɗa tabarma a inuwar dabino. Filoksen ya wanke hannu ya buɗe. Gaskiya mutumin ba shi da wulaƙanci, sai dai irin mutanen nan ne da in sun san abu sai sun faɗe shi duka. Ya karanta wasiƙar daga farko har ƙarshe, sannan ya ɗago.

"Iyayena, magana ce mai kyau, ban musa ba. Amma ku duba nan. Mai rubutun yana cewa ku riƙa taya gwauraye jan jigo in kogi ya janye. Wane manzo ne ya yi noman rani a bakin Nilu?"

Apa Anub ya ce, "Manzanni sun yi yawo, ɗana."

"Sun yi, Apa. To nan fa? Yana maganar ranar da aka tara littattafai a kasuwa aka cinna musu wuta. Wannan a zamanin iyayenku aka yi. Manzanni sun riga sun kwanta dama da shekara fiye da ɗari biyu."

Wani manomi ya ce, "Ai annabci ne!" Filoksen ya juya zuwa ƙarshen littafin, ya wangale shi sosai har Koluta ya ji kamar haƙarƙarinsa ake buɗewa, ya nuna wani siririn gefen takarda da ya rage a jikin ɗinkin.

"Ga abin da ya fi damuna. Akwai warƙa ɗaya a nan, an yanke ta. A nan mai wasiƙa ke sa sunansa da gaisuwarsa. Wani ya cire sunan, ya haɗa ta da na manzanni don a ɗauka tasu ce. In haka ne, an yi wa manzo ƙarya, an yi muku ƙarya. Umarnin da aka ba ni shi ne, rubutun da aka ƙirƙira aka jingina wa manzo, a farke shi a sa a wuta. Jirgina gobe da rana zai tashi. Kafin nan zan yi abin da ya kawo ni."

Koluta ya miƙe da ƙyar, gwiwoyi suna ƙara. "Yaro, kawo in gani."

Apa Anub ya ce, "Ka ga me, tsoho? Kai da ba ka san harafi ko tsaye yake ko kwance ba?"

"Kai ka san harafi, shekara talatin kana karanta ta ba ka ga an yanke warƙa ba. Matsa min."

Aka yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba. Koluta ya kai littafin daf da idonsa, ya bi yankan da babban yatsa. Ba almakashi ba ne, ba kuma wuƙar marubuci ba. Wuƙar baduku ce mai lanƙwasa, an ja ta daga ƙasa zuwa sama, bakin yankan ya karkata ta ɓangaren da ba a saba ba. Bahago ne ya yi yankan. Baduku bahago kuwa ɗaya tak aka taɓa yi a Tanhor, shi ne Pebo.

Koluta ya ajiye littafin ya tafi gida.

Matarsa Taisi ta ajiye masa miyar wake da gurasa da albasa, ya zauna yana kallon kwanon kamar an zuba masa ƙasa.

"Ci mana. Ko kai ma azumin ka fara tun ba a shiga ba?"

"Babana ne ya yanke warƙar."

Taisi ta ajiye ludayi. "Wa ya ce?"

"Hannunsa ya ce. Gobe za a ƙona wasiƙar da aka karanta a kan 'yarmu ranar da muka binne ta, kuma in na buɗe baki, a ce ubana ne maƙaryacin."

"Pebo ɗin da aka ce ko fata mai rami ba ya sayarwa sai ya nuna wa mai saye ramin? Haba malam! To da ya yanke, ina ya kai ta? Ku da ko ƙyallen takarda ba ku yarwa. Gidan nan ko'ina na juya tarkacenku ne, tsohuwar takardar haya, tsohuwar takardar sayen jaki, wai duk za a liƙa a bango. Shekara hamsin ina share shara ana ƙwacewa."

Koluta ya ɗago kai a hankali. Haka ne kuwa. Fatar akuya ita kaɗai ba ta tsayawa ta zama bangon littafi, sai an cika cikinta da tsofaffin takardu, a shafa danƙon garin alkama a liƙa ɗaya kan ɗaya har ya yi tauri kamar katako. Kuma a bangon baya na jan littafin akwai wani wuri, faɗin tafin hannu, da ke ɗan lotsawa in ka danna. Duk shekara in yana shafa mai sai yatsansa ya tsaya a wurin, ya ji kunya ta kama shi. Gwanin baduku ba ya barin iska a bango. Apa Anub ma ya sha tsokanarsa da wurin, wai ranar Pebo ya sha giyar sha'ir ta yi masa yawa. Shekara sittin Koluta yana ɗauka nan ne kawai hannun ubansa ya taɓa kuskure.

Ya ce, "Ba kuskure ba ne. Bai shafa danƙo a wurin ba."

"To ka ci abinci tukuna."

Ina! Ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Da ya faɗa wa Filoksen abin da yake so, ɗan birnin ya ce, "Baba, ka san in ka buɗe bangon nan ba zai koma yadda yake ba. Kuma mai yiwuwa takardar sayen jaki kawai za ka tarar."

"Na sani. Aikin ubana ne, ba abin da ya bar min sai shi. In za a ɓata shi, ni zan ɓata."

Sai da safe aka yi aikin, don Koluta ya ce idonsa ba ya aiki sai rana ta fito sosai. Rabin ƙauye ya taru. Mata suka bar niƙa, masu jigo suka bar ruwa. Koluta ya zauna ya miƙe ƙafa ɗaya kamar yadda yake zama a rumfarsa, ya sa basilla ya warware ɗinkin bango ɗaya bayan ɗaya, bai tsinka ko zare ɗaya ba. Ya ɗaga fatar. Ga takardun nan sun manne sun zama abu guda, launin ƙasa. Taisi ta kawo tukunyar ruwan zafi, ya riƙe bangon a kan tururi, yana ƙirgawa a ransa. In tururi ya yi kaɗan takarda ta karye, in ya yi yawa tawada ta narke, shi ke nan an yi asarar duka biyu.

Ya sa siririn ƙashi ya ɗaga ta farko. Filoksen ya karɓa ya duba. "Jerin tulunan mai."

Ta biyu. "Wani yana ƙarar maƙwabcinsa, wai akuya ta ci masa shuka."

Apa Anub ya ce, "Wannan kam manzo ne ya rubuta." Ba wanda ya yi dariya, Taisi ta watsa masa harara.

Ta uku ta yage a hannunsa, Koluta ya ji kamar ransa zai fita, ashe ita ma ta tulunan mai ce. Ya mayar da bangon kan tururi. Ya ɗaga ta huɗu, ya ɗaga ta biyar. A ƙarƙashin ta biyar ɗin sai ga ta. An ninke ta biyu, rubutu a ciki, an naɗe ta a ƙyallen lilin, danƙo ya zagaye ta ta kowane gefe amma ko ɗigo bai taɓa ta ba. Koluta ya ɗauko ta da hannu biyu. Filoksen ya buɗe ta a hankali, ya kai bakin yankan jikin siririn gefen da ya rage a littafin, suka haɗu cif.

Ya fara karantawa a ransa. Mutane suka ga fuskarsa ta canza. Ya ɗago ya ce, "Akwai mai suna Koluta a garin nan?"

"Kai, karanta mana!" in ji Apa Anub. "Ga shi nan zaune a gabanka."

Filoksen ya gyara murya.

"Ni Tabes, matar Pebo baduku, na faɗa, ɗan'uwanmu da ke ɗaure tare da mu ya rubuta, don ni ban iya ba. Ni ba malama ba ce. Abin da na ji ana karanta mana daga manzanni shi na tuna, in na yi kuskure ku gyara. Ku gaishe da Hor mai jirgi da ya ɓoye littattafai a ƙarƙashin kifi. Ku gaishe da Tnute da 'ya'yanta mata, da suke buɗe mana gidansu ranar Lahadi."

Aka yi ta jero sunaye, goma sha ɗaya, kowa da abin da ya yi. Wata mata ta dafe ƙirji ta ce, "Tnute kakata ce!" Wani ya ce Hor kakansa ne. Filoksen ya dakata ya dubi jama'a.

"Yanzu na gane. Da sojoji sun ga wannan warƙar, duk mutum goma sha ɗayan nan jirgi ɗaya za a sa su. Shi ya sa ya yanke. Kuma bai iya ƙona ta ba." Ya juyo ga Koluta. "Baba, jiya na yi wa mahaifinka mummunan zato a gaban mutane. Ka yafe ni. Akwai saura, kuma naka ne. In karanta a nan, ko mu koma gefe?"

Koluta ya dubi matarsa. Taisi ta ce, "Karanta nan. Kunnensa na dama ya fi ji, matso ta can."

Filoksen ya durƙusa ta dama.

"Ku gaishe da mijina, ku ce ya riƙa cin abinci. Ku gaishe da ɗana Koluta. Ku faɗa masa na ji kiransa a bakin gaɓa, duka na ji, har jirgi ya sha kwana ina ji. Ban waiwaya ba don na san in na ga fuskarsa zan ce su kawo turaren in ƙona. Kada ya ɗauka ban ji ba. In ya yi ƙanƙanta da wannan magana, ku ajiye masa har ya girma."

Koluta ya zauna da ƙashin a hannu, hawaye na bin gemunsa suna ɗiga a kan tabarma, bai share ba. Tsoho ɗan shekara saba'in da biyu, mai jikoki goma sha huɗu, ya yi kuka da sauti kamar yadda ya yi ranar nan a bakin ruwa. Taisi ta riƙe masa kafaɗa tana cewa, "Yi abinka, yi abinka." Apa Anub, wanda bakinsa ba ya rasa abin faɗa, ya ja gefen rigarsa ya rufe fuska.

Da aka natsu, manomin nan mai annabci ya ce, "To yanzu sai a ƙara ta a jerin, su zama ashirin da takwas."

Filoksen ya girgiza kai. "A'a. Ita da kanta ta ce ba malama ba ce, daga manzanni ta ji. Ba za mu ɗora ta inda ta ƙi hawa ba. Ba za a ƙara karanta ta a matsayin maganar manzo ba, kuma dole a raba ta da wasiƙunsu, a yi mata bangonta daban. Amma wuta, a'a. Ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Mu ne muka manta. Ku sa mata rana a shekara, ku karanta ta da sunanta. A jana'iza ma, bayan an karanta Linjila, wanda ya so a karanta masa maganar Tabes ban ga mai hana shi ba. Haka zan faɗa wa wanda ya aiko ni."

Wasu suka yi gunaguni, don ba daɗi a wayi gari a ce manzon da kake taƙama da shi ba manzo ba ne. Tsohuwar nan ta baya ta ce ita kam ta fi son haka, tunda manzanni na kowa ne, wannan kuwa tasu ce. Koluta bai shiga gardamar ba. Ya kama hannun Filoksen da nasa biyun ya ƙi saki.

"Ɗana, da ba ka zo da jerin nan naka ba, da ba ka wangale littafin nan har raina ya ɓaci ba, da sai in mutu ina shafa mai a kan maganar uwata ban sani ba. Allah ya saka maka. Allah ya saka wa wanda ya aiko ka. Allah ya ji ƙan Pebo, da na yi shekara sittin ina jin kunyar aikinsa."

Taisi ta cika wa baƙon kwando da dabino da busasshen kifi, ta ce kada ya ci kifin sai ya sauka, ta ga yadda ruwa ke yi da shi. Aka raka shi gaɓa da rana tsaka. Jirgi ya tashi, Filoksen yana ɗaga hannu har suka yi nisa.

Mutane suka watse, Koluta bai tafi ba. Nan ne wurin, gaɓar ba ta canza ba sai dai dabinon da suka yi tsawo. Ya tsaya yana kallon inda kogi ke shan kwana. Taisi ta jira shi can gefe, ba ta ce ya yi sauri ba. Ya daɗe, sannan ya ɗaga murya, ba da ƙarfi sosai ba, kamar mai amsa wa wanda ke ɗaki na kusa.

"Inna, saƙo ya iso. Na girma."

Ya juyo ya ce wa Taisi su biya ta wurin majemi, yana son fatar akuya guda biyu, kuma ɗayar a zaɓo masa wadda ta fi kowace laushi.